Ƙunshin Zuwa Banki

Inna ba ta shiga mutane da farin hannu. Ko biki, ko suna, ko rakiyar alhazai, kai ko dubiya za ta asibiti, sai ta sa lalle tukuna. Tun ina ƙarama nake jin tana cewa macen da ta fita da hannu fari fat, ko dai takaba take yi, ko kuma ta raina inda za ta. Ƙunshi ne sana'arta a Magama, nan bakin iyakarmu da Nijar, tun kafin a haife ni. Amaren wannan tsallaken da na wancan sun zauna a tabarmarta ba adadi, har daga ƙauyukan Maraɗi akan turo babur a ɗauke ta. Nata ƙunshin irin na da ne, ba wannan zanen fulawa na 'yan matan yanzu ba. Lalle ya kwana a hannu ya yi jawur, da safe ta bi shi da gishirin lalle da toka ya koma baƙi wuluk. In ta yi miki, sai kin gaji da ganinsa.

Ni ce 'yar farinta, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini. In da mutane a wurin ta ce "waccan", in tana ba da labarina ta ce "mai ɗinkin nan ta Jibiya", sai ka rantse wata ce can da ta taɓa kai wa ɗinki. Wurin kakata na tashi a Daddara, sai da na yi wayo aka maido ni. Ranar aurena, matar da ta yi wa amaren gari guda ƙunshi ba ta taɓa hannuna ba. Ƙawarta ta sa ta yi mini, ita kuwa ta shige ɗaki ta ja labule. Na san kunya ce, na san haka ake yi wa kowace 'yar fari, ba sai an yi mini wa'azi ba. Amma zan faɗi gaskiya, abin yana ci mini rai, musamman in na ji yadda sunan ƙanena, autanta, direban babbar mota, yake yawo a bakinta tun daga kalacin safe har magariba.

Shekarun baya idonta ya fara yana. Da farko ta ɓoye. Sai da ta yi wa wata amarya ƙunshi ƙafa ɗaya ta fi ɗaya hawa, 'yan biki suka yi ta ƙus-ƙus, sannan ta yarda na kai ta asibitin ido a Katsina. Likita ya ce aiki za a yi, kuma za ta gani garau in Allah ya so, amma tana da hawan jini, ba zai taɓa ta ba sai jininta ya sauka, mu dawo bayan wata uku. Kuɗin aikin kuwa tana da abinta. Tun ranar da ta fara gani dishi-dishi take tarawa, cikin gwangwanin madara, gwangwanin cikin kwalla, kwallar can ƙuryar ƙarƙashin gado. Ba ta roƙi kowa ba, ba ta gaya wa kowa ba. Ni ma gani na yi ranar da ta ciro mana kuɗin mota.

Muna cikin jiran jinin nan ya sauka sai gwamnati ta ce ta canja kuɗi. Manyan takardu duk za su mutu ranar kaza, mai su ya kai banki. Wanda ya ga Magama a kwanakin nan ba zai manta ba. Sababbin kuɗi sai dai labari, masu POS rabinsu sun rufe rumfuna, mai tumatir na juya tsohuwar takarda yana yatsina fuska. 'Yan canjin bakin iyaka, da kullum ke kiran mutum yana wucewa, suka koma sai an gaishe su sau biyu. Na je wurinsu da kaina na tambaya ko za a mayar wa Inna kuɗinta sefa, ta ci gaba da ajiyarta a gwangwani yadda ta saba. Abin da suka ce za su zabtare, in an cire shi ido ɗaya ma ba zai samu aiki ba. Na ce wa mai canjin Allah ya isa, alhali ko sisi ban ba shi ba, ya bi ni da kallo yana tambayar me ya yi mini. Haka nake, bakina yana riga hankalina.

Na koma asibiti na ce su karɓi kuɗin su riƙe, suka ce ba a biya sai an sa ranar aiki. Maigidana yana da akawun, ya ce a kawo ya zuba a nasa. Da na kai wa Inna maganar sai ta kama baki.

"Ni? In aika wa surukina in ce ya ba ni kuɗi? Gara in makance."

Kuma na san ba faɗa kawai take yi ba, matar da in ta ji muryarsa a hanya take canja lungu. Ƙanena yana can hanyar Legas da kaya, wayarsa ma ba ta shiga. Ni kuwa a lokacin ba ni da akawun, kuɗin ɗinkina a hannu ake ba ni, in na nesa ne a turo ta wayar maigidana. Saura hanya ɗaya, a buɗe wa Inna nata da sunanta, kuma saura kwana huɗu kuɗin su mutu.

A lokacin, in kana son a ɗauki yatsunka a ba ka lambar nan ta BVN, wadda ba a buɗe akawun na kirki sai da ita, Katsina muka san ana shiga. Na ce wa Inna ta shirya, gobe da sassafe zan zo mu tafi. Ta tambaye ni wane irin wuri ne bankin. Na ce wuri ne na manya, ga sanyi, ga masu kwat, ga 'yan sanda a ƙofa, ta sa kayanta masu kyau kada a raina mu. Da bakina na faɗi wannan, ba wanda ya sa ni.

Da safe na same ta a shirye, ta sa atamfarta ta sallah, ta yafa mayafin da ƙanena ya kawo mata. Hannuwan nan kuwa, tabarkalla! Maƙwabciyarta, wata Hajiya 'yar Maraɗi mai sayar da dabino da taliya, ita ta taya ta ɗaurewa da yamma, ta kwana da su cikin zunguru, da asuba ta bi da gishiri. Tun daga kan farce har tsakiyar tafi baƙi sidik, yana ƙyalli. Da lalube ta yi shi, amma ko na amarya albarka.

Na ce, "Kai, Inna! Yau sai manajan banki ya miƙe tsaye."

Ta harare ni ta ce in wuce mu tafi. Ko kusa ban kawo komai a raina ba. Ita ma tana da hujjarta. Lokacin da aka ɗauki yatsunta na katin zaɓe tana takabar Baba, hannunta fari, injin ya karɓa nan take. A saninta ba ruwan inji da lalle.

Motar Katsina ranar cike take da irinmu, kowa ya rungume ƙullinsa yana yi kamar ba komai a ciki. Inna ta ɗaure nata a ƙugu da ɗankwali, ta ɗora zane a kai. Shingayen hanya kuwa ba sai na faɗa ba, wanda ya san hanyar Jibiya ya san ba a gaggawa a kanta. Muka isa da hantsi, muka tarar layi ya fito daga ƙofar banki ya sha kwana ya bi jikin katanga. Sai bayan azahar muka samu shiga, shi ma don wani mai gadi ya ga Inna tana laluben matakala da ƙafa, ya ce a bar tsohuwa ta wuce. Allah ya saka masa da alheri.

Wadda ke kan injin yatsa yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanena ba, da ɗan hijabinta ruwan toka, idonta ya yi ja don gajiya. Ta gaida Inna har da russunawa, ta ce, "Mama, kawo hannu." Inna ta fito da hannun daga mayafi a hankali, yadda amare ke yi, ta ɗora a tebur. Ina kallo fuskar yarinyar ta canja.

"Wayyo, Mama. Yaushe kika sa?"

"Jiya," in ji Inna, tana jin daɗi an lura. "Don zuwa wurinku na sa, 'yar nan."

Yarinyar ta jawo injin kusa. Ta kama babban yatsa ta ɗora a kan ɗan gilashin, wuta ta nuna ja. Ta goge gilashin, ta goge yatsan, ta sake. Ja. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har goma, ta koma ta sake bi, na bayanmu suna ta tsaki. Sannan ta juyo da fuskar kwamfutar ta nuna mini. Inda ya kamata a ga zanen yatsa, baƙin dunƙule ne kawai. Ta ce injin zanen fata yake karantawa, lallen kuwa ya rufe shi. In ja ne mara duhu wani lokaci yakan karɓa, amma wannan baƙin ko wuni za a yi ana gwadawa ba zai gani ba.

Nan fa na hau. Na ce wane irin inji ne aka kawo ƙasar Hausa bai san lalle ba? Wanda ya ƙera shi ba shi da uwa ne? Na ce tun asuba muke tafe, kuɗin idon tsohuwa ne, in suka mutu wa zai mayar mata da ganinta? Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta su ba. Yarinyar ta bar ni na zazzage tas, sannan ta ce, "Anti, kin fi ni gaskiya. Ba ku ne na farko ba yau, kuma kakata ma da haka za ta zo." Ta yago wata 'yar takarda ta yi rubutu ta buga hatimi, ta ce duk ranar da ya koɗe mu nuna wa mai gadi, ba sai mun bi layi ba. Sannan ta riƙe hannun Inna da nata biyu. "Mama, don Allah kada ki kankare da dutse ko reza. In zanen ya goge, ya fi lallen wuyar sha'ani."

Inna ta zare hannuwanta daga na yarinyar. Fiye da shekara arba'in ana yaba hannun nan, yau an ce shi ne laifin. Ta mayar da su cikin mayafi, ba ta ƙara fito da su ba har muka fita.

A bakin ƙofa dabara ta zo mini. Hannuna fari ne, katina yana jaka. Na ce, "Inna, mu koma in buɗe da sunana a zuba a ciki. Ranar aiki in ciro miki."

"A'a."

"Saboda me? Kwana uku fa ya rage."

"Na ce a'a. Mu tahi gida."

Wallahi ji na yi kamar ta watsa mini ruwan zafi. Na surukinta na gane, amma ni? A mota ban yi mata magana ba, ita ma ba ta yi mini ba. Ina kallon gonaki ta taga ina saƙe-saƙe: da autanta ne, da tuni ta miƙa masa har da gwangwanin. Wato ni ban isa a ba ni amana ba, sai dai rakiya da riƙon jaka. Da muka sauka Magama na raka ta ƙofar gida na juya, ko ruwa ban shiga na sha ba.

Washegari da rana ina kan keke ina huce haushina a kan rigar mutane, sai ga Hajiyar Maraɗi ta yi sallama, mayafi a hannu.

"Ɗiyata, ba ki ji rediyo ba? An ƙara kwana goma! Ku dai 'yan Najeriya, in ba ku tada hankalin mutane ba, ba ku jin daɗi."

Na ce to sai me, lallen Inna wata yake yi bai gusa ba.

"Ke da anka haifa gidan ƙunshi ba ki san abin da ke cin lalle ba? Don mi ake hana amarya wanki?"

Nan take na gane, omo da ruwa ne. Ta ce ai tun da asuba Yaya, haka take kiran Inna, ta fitar da kayan gidan kaf ta jiƙa, tun ba ta san za a ƙara ko kwana ɗaya ba. Sannan ta zauna a bakin gadona ta ce ta ji abin da ya faru a ƙofar banki, kuma ni ce sakarya.

"Matar da ba ta iya faɗin sunanki, ita za ta iya buɗe baki ta ce ki ba ta kuɗi? Ko da nata ne? In sun shiga hannunki sun zama naki ke nan, har ta mutu ba ta tambaya. Ita ta san kanta."

Na ce ai ba sai ta tambaya ba, ni zan kai ta asibitin da ƙafata. Hajiya ta ce wannan ni na sani, ita Yaya kunyarta ta sani. Ban gamsu duka ba, amma na rufe keke na bi ta.

Abin da na tarar ya ba ni dariya ya kuma ba ni tausayi. Inna, wadda rabonta da wanki tun da 'yan matan unguwa suka taso suna yi mata, ga ta zaune a kujera 'yar tsugunno, bahon omo a gabanta, igiya ta cika har an fara shanya a katanga. Cikin kwana biyu ta gama da kayan gidan, har labule da tsumman goge-goge. Sai Hajiya ta shiga gida-gida. Unguwar su Inna ta tasha ce, matan direbobi da na 'yan dako, yawancinsu mutanen Maraɗi, mazajensu kullum cikin baƙin mai da dattin buhu. Da fari sun ji nauyi, wai yaya za su kawo wa uwarsu wanki, matar da ta yi wa rabinsu ƙunshin aure. Hajiya ta ce duk mai son Yaya ta ƙara gani, ta kawo datti. Kaya suka fara shigowa ƙulli-ƙulli. Kuma masu kayan ba su ajiye sun tafi ba. Wannan ta zo da omo, waccan ta biya ɗan garuwa, wata ta aiko da lemun tsami cike da kwano na jiƙa yatsu bayan la'asar. Su ɗauraye, su shanya, su kwashe, Inna dai cuɗawa kawai, don nan aikin yake. Har faɗa aka yi da wata amarya da ta faki ido ta fara cuɗa wando don ta rage mata. Inna ta laluba ta ƙwace, ta ce kada ta cuce ta.

Lokacin sanyi ne, ruwan randa ba ya taɓuwa da safe. Kullum sai in zo in ɗora tukunya in surka mata, da yamma in shafa mata man kaɗanya kada fatar ta tsage. Tun da na yi wayo ban taɓa riƙe hannun Inna na daɗe haka ba. Da yake ba ta gani sosai, sai ta miƙo mini yatsun ta ce, "Ke, duba." In kai su hasken rana in duba. Baƙin ya koma ruwan ƙasa, ruwan ƙasan ya koma ja, jan ya fara koɗewa daga kan yatsu. Ranar da na fara hango zanen fatar, siriri kamar zaren keke, ihu na yi har Hajiya ta leƙo ta katanga. Inna ta ce, "Ke, rufe mana baki."

Bayanta ya ƙage, kafaɗunta suka riƙe, ban ji ta ce wash ba ko sau ɗaya. Rana ɗaya ce kawai, tana murza rigar wani direba, na ji ta ce ƙasa-ƙasa, da kanta take magana, "Shekara nawa ina koya wa lalle zama, yau ni ke korar shi." Na yi kamar ban ji ba na ci gaba da ɗauraya.

Saura kwana biyu sabon wa'adin ya cika muka koma. Hannun ya yi dabbare-dabbare, abin da a da ko ƙofar gida ba za ta fita da shi ba, tun daga Magama har Katsina yana cikin mayafi. Layin ya ninka na farko. Na nuna wa mai gadi 'yar takardar nan, ya duba hatimin ya buɗe mana. Yarinyar na ɗaga kai ta gane mu. "Mama mai lalle!" Ta juya hannun Inna ta duba gaba da baya, ta tambayi me muka yi masa. Na ce wankin unguwa guda. Ta yi dariya har da dafe tebur, sai ta ga Inna ba dariya take ba, ta gimtse.

Yatsan farko wuta ta nuna ja. Yarinyar ta ce omo ne ya busar da fatar. "Mama, goga shi a goshinki." Inna ta goga yatsan a goshi ya ɗan samu maiƙo, aka mayar. Kore! Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba, har ɗan sandan ƙofa ya waiwayo. Haka aka bi su, goshi, gilashi, goshi, gilashi. Ƙaramin yatsan hagu ne ya ba da wahala, shi ne bai sha cuɗa ba, aka yi ta fama da shi kafin ya yarda. Aka ɗauki hotonta, aka ce mu jira lambar ta shigo wayata. Muka yi azahar a gindin wata bishiyar bedi bayan bankin, muka ci ƙosai mai sanyi, ina duba waya kamar zan huda ta. La'asar saura kaɗan ta yi ƙara.

Sai cike fom. Yarinyar na tambaya tana rubutawa, Inna na amsawa. Suna, sunan uba, unguwa. Da aka zo sana'a Inna ta ce "ƙunshi", ta ɗan ɗaga kai. Sannan yarinyar ta ce, "Saura mutum ɗaya, Mama. Wanda banki zai nema in ba a same ki ba, ko in ta Allah ta kasance. Wanda kika fi yarda da shi."

Ni har na fara laluben lambar ƙanena a waya, don na san amsar. Amma Inna ba ta ambaci autanta ba. Sai ta karkato da kai wajena kaɗan, ba ta dube ni ba, ta ce, "Wagga."

Yarinyar Bahaushiya ce, ta dube ni ta dubi Inna, nan take ta gane. "'Yar fari ce ko? Ba komai, Mama, ba sai kin faɗa ba. Anti, faɗi sunanki in rubuta."

Na buɗe baki ke nan Inna ta ɗora hannunta a kan nawa, hannun nan da omo ya mayar kaushi.

"A'a. Ba kun ce nan komi sai mai abu ya yi da kanshi ba? Yatsana kuka ɗauka, ba na wani ba. Rubuta."

Ta faɗi sunana. Cikakke ta faɗe shi, yadda liman ya raɗa shi ranar suna, ba yadda 'yan unguwa ke gutsure shi ba, ta haɗa da na Baba. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Abin da ya fara zo mini a rai wauta ce, wai ashe ta iya shi. Da shekaruna arba'in da 'yan kai, da 'ya'yana huɗu, na tsaya a tsakiyar banki ina kuka da hawaye shaɓe-shaɓe. Wata mata a layi ta zaci kuɗina ne suka mutu, tana ta ba ni haƙuri. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana rubutu, ta daɗe a kan layin nan guda fiye da yadda yake bukata.

Inna ta ce, "Ke, mi ne haka cikin mutane?" Ta kwance ƙullin daga ƙugunta ta danƙa mini. "Ungo, kai musu."

Abin haushi, bayan duk wannan wahala aka yi ta ja-in-ja a can sama, daga baya aka ce tsofaffin kuɗin su ci gaba da yawo, muka koma kashe su a kasuwa kamar ba a yi komai ba. Ranar da na ji na yi masifa har maigidana ya ɗauki hularsa ya tafi majalisa. Amma da na huce na ce a'a, ni dai ba ni da bakin ƙorafi. Har gobe ina yi wa yarinyar nan addu'a. Ban san sunanta ba, da na koma buɗe nawa akawun aka ce an mayar da ita wani reshe. Ina yi wa mai gadin nan, ina yi wa Hajiya, ina yi wa matan unguwar tasha da suka ba da dattinsu da omonsu da ruwansu. Har injin da na zagi maƙerinsa na yafe masa.

Jinin Inna bai sauka ba sai bayan sallah. Ranar biya a asibiti ita ta miƙa katin bankinta da hannunta, ta danna lambobinta huɗu da lalube, ta kare da mayafi wai kada in gani. Aka yi ido ɗaya, da ya warke aka yi ɗayan.

Ba ta ƙara faɗin sunana ba, ban kuma sa rai ba. Na koma "ke" ɗina. Amma sati biyu da kwance mata ido na biyu na je gaishe ta, na tarar ta kwaɓa lalle a ƙwarya, ta shimfiɗa tabarmar amare a tsakar gida. Na ce bikin wa ake yi ban ji ba? Ta dubi hannuwana, yanzu tana ganinsu sarai, ta ja tsaki.

"Dubi hannu kamar na mai takaba, da mijinki da ranshi. Kin gama da bankin naki?"

Na ce na gama, tun watan jiya suka ɗauki yatsuna.

"To zauna," in ji ta. "Miƙo na dama."